An ce in je gida in huta don ina da juna biyu, kuma an sa wata a ajina, ina da hakki ko in haƙura?

Maman Sadik

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu ilimin doka da waɗanda suka taɓa shiga irin halin nan ku ba ni shawara don ni dai kaina ya kulle. Ni malama ce a wata makaranta mai zaman kanta nan cikin garin Katsina, ba zan faɗi sunanta ba, shekarata uku da 'yan watanni ina koyar da lissafi da kimiyya a aji huɗu da biyar na firamare, digiri gare ni kuma tunda na fara ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Yanzu ina da juna biyu wata bakwai. Da aka dawo hutu mai makarantar ya kira ni ofis shi da hedimasta, ya ce Malama mun ga jikinki ya yi nauyi ki je gida ki huta abinki, in kin sauka lafiya kin gama wanka za mu neme ki. Na ce Alhaji ai ni ban ce na gaji ba, ina zuwa awo kuma an ce mani ba ni da wata matsala, zan iya kai wa ƙarshen wata mai zuwa. Ya ce a'a iyaye ba su son a bar masu yara tsakiyar zango ba malami. Na ce to albashi fa, sai ya yi dariya ya ce ai kin san nan ba gwamnati ba ce, wanda ya shiga aji shi ake biya.

Ko kwana biyu ba a yi ba abokiyar aikina ta kira ni ta ce an kawo wata sabuwa an ba ta ajina har da rajista da makullin kabad ɗina, kuma an cire ni daga gurup ɗin malamai na WhatsApp.

Abu na biyu da ya daɗe yana cina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni dubu 35 ake ba ni, akwai wani malami mai NCE da ya zo bayana shi dubu 48 yake ɗauka, aji ɗaya muke shiga. Na taɓa yi wa hedimasta maganar ya ce mani ai shi magidanci ne yana da iyali, ke kuwa mijinki ke ciyar da ke kuɗin kwalliya kawai kike nema. Na haɗiye don ban son fitina.

Yanzu jiya an aiko mani da wata takarda ta hannun mai gadi, wai in sa hannu cewa ni na ajiye aiki da kaina sbd dalilin lafiya, in na sa za a ba ni albashin wata ɗaya kuɗin sallama. Ban sa ba tukuna. Kuma ku sani ni ba a taɓa ba ni ofa ba, da baki aka ɗauke ni, albashi kuma wani wata daga asusun makaranta yake shigowa wani wata daga asusun shi Alhajin. Maigidana ya ce in bar su da Allah, ga shi mai makarantar abokin kawuna ne masallaci ɗaya suke salla. To ni tambayata, wannan abin da aka yi mani doka ta san da shi ko ko dai don makarantar kuɗi ce sai yadda suka ga dama? In akwai inda ake kai kuka, ina ne, kuma nawa ake kashewa?

Ɗan Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ni dai shawarata ki bi maganar maigidanki. Mi za ki samu a kotu kan dubu 35, kuɗin motar zuwa da na lauya ma sun cinye shi, ga ki da tsohon ciki. Kuma garin nan ƙarami ne, masu makarantun nan duk sun san juna suna da ƙungiya, ranar da aka ji kin kai wani ƙara ba mai sake ɗaukarki. Ki amshi wata ɗayan nan ki sayi kayan haihuwa, in kin samu lafiya ki buɗe lesin a gida, wlh mata da yawa a unguwarmu sun fi samu da lesin a kan albashin. Allah ya sauke ki lafiya.

Lauyan Talaka

Malama sannu, Allah ya raba lafiya. Kafin komai, takardar nan kada ki sa mata hannu, kuma kada ki mayar masu da ita, ki ɗauki hotonta ki adana asalin. Ita ce hujjarki mafi ƙarfi a yanzu, don wanda yake ganin yana kan daidai ba ya aiko mai gadi da takardar ajiye aiki, sun san in kika rubuta da hannunki cewa ke kika tafi to magana ta ƙare, ba korarki aka yi ba.

Maganar da Alhaji ya yi cewa nan ba gwamnati ba ce kuwa ba ta da tushe. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta shafi har da masu aiki a hannun 'yan kasuwa da kamfanoni. Sashe na 54 ya ce mace mai ciki tana da damar barin aiki sati shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, kuma ba a yarda ta yi aiki ba sati shida bayan haihuwa, sati goma sha biyu ke nan. In ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan hutun. Bayan ta dawo in tana shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Kuma sashen ya hana a ba ta notis na sallama tana cikin wannan hutu. Ki lura da kyau, damar taki ce, ke za ki kawo takarda ki ce lokaci ya yi, ba mai aiki ne zai dubi cikinki ya yanke maki ranar tafiya ba. Abin da dokar ba ta ɗora masa ba shi ne kuɗin asibiti, wannan kam naku ne ke da maigida.

Rashin ofa laifinsu ne ba naki ba. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce kafin wata uku su cika. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, abin da ake buƙata kawai ki nuna kin yi aikin kuma ana biyanki. Don haka ki je banki ki ciro bayanan asusunki tun daga watan da kika fara, alat ɗin da ya zo daga asusun Alhaji ma yana da amfani tunda duk wata yake zuwa a kusan rana ɗaya. Ki tattara katin shaida in an ba ki, jadawalin darasi mai sunanki, katin sakamakon yara da kika sa wa hannu, saƙonnin gurup kafin a cire ki. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da hujjar waya da kwamfuta a sashe na 84, sai dai kar ki canza wayar kar kuma ki goge komai. Ko da sallama ce ta halal ba batun ciki, wanda ya yi tsakanin shekara biyu zuwa biyar sashe na 11 ya ba shi notis na sati biyu a rubuce ko kuɗin madadinsa.

Yanzu bari in gaya maki inda lauyansu zai tsaya don kar ki ji shi daga baya. Zai ce sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, malama mai digiri kuma ƙwararriya ce, saboda haka sashe na 54 bai hau kanki ba. Ana yin wannan gardamar sosai. Amma ba a nan maganar ta tsaya ba, don sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila ko asalin garin mutum ko ra'ayin siyasa, sannan gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya kawo sashe na 254C wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk rikicin aiki, ya ambaci nuna bambanci da cin zarafin mata a wurin aiki da sunansu, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Najeriya ta amince da ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, mai lamba 100 kan biyan mace da namiji daidai tun 1974, da mai lamba 111 kan hana bambanci a aiki a 2002. Da waɗannan kotun take kama kamfanoni masu zaman kansu. A 2013 ta ba wata ma'aikaciya gaskiya kan kamfanin Microsoft na Najeriya bayan an sallame ta don ta ƙi amincewa da neman da shugabanta yake mata. A Janairun 2023 reshenta na Akure ya soke ƙa'idar 'yan sanda da ke korar 'yar sanda in ta yi ciki ba aure, ya ce tunda ba a korar namijin da ya yi wa wata ciki to bambanci ne, aka ba ta diyyar naira miliyan 5. Ba ina kawo wannan don in ce abin da ta yi daidai ne ba, ina nuna maki ne in har kotu ta tsaya wa wannan, ke da kike da cikin sunna ina ga ke.

Batun dubu 35 da 48 ya fi wuyar kamawa gaskiya. Sashe na 17 na kundin ya ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya ba bambancin jinsi, amma yana cikin babi na biyu wanda ba a kai ƙara da shi kai tsaye, sai a jingina shi da yarjejeniyar ILO ɗin can. Kuma ranar da aka zauna hedimasta ba zai maimaita maganar magidanci ba, cewa zai yi ai shi yana riƙe da wasanni ko shi ne mai kula da jarabawa. In akwai wanda ya ji lokacin da ya faɗa to da sauƙi. Wani abin kuma, mafi ƙarancin albashi tun 2024 dubu 70 ne, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, to ki ƙirga har da masu gadi da masu shara da direbobi, in sun kai to ke da shi magidancin duka ana cin kuɗinku.

Ɗan Ƙofar Marusa yana da gaskiya a abu ɗaya, kotu tana ɗaukar lokaci, Kotun Ma'aikata kuma wataƙila sai kin dangana da Kano, sannan ba kasafai take tilasta wa mai zaman kansa ya maida ma'aikaci ba, diyya take sawa a biya. Shi ya sa ban ce ki fara da ita ba. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya a kowace jiha, akwai na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a nan Katsina, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, duk kyauta ake shigar da koke, su kira ɓangarorin biyu a zauna. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana karɓar irin wannan.

Hajiya Mai Nazire

Barista Allah ya ƙara basira, amma bari mu ma a ji ta bakinmu don ni ina da 'yar ƙaramar makaranta wajen Batagarawa. Mutane suna ganin kamar kuɗi muke kwasa, alhali rabin iyaye sai zango ya kusa ƙarewa suke biya wasu ma sai an hana yaro rubuta jarabawa, ga haya ga kuɗin hukumomi daban-daban ga man janareta, to a ce ka biya mai jego rabin albashi wata uku ka kuma biya wadda ta riƙe ajin, aji ɗaya albashi ɗaya da rabi ke nan, ga ƙaramar makaranta abin yana da nauyi ba wasa ba. Kuma kusan duk malamaina mata ne matasa, akwai shekarar da uku suka haihu a zango ɗaya.

Amma duk da haka abin da aka yi wa Maman Sadik bai yi ba, ko ba doka ma rashin mutunci ne. Ciki ba kwatsam yake zuwa ba, wata tara ana ganinsa. Ni yadda nake yi, da malama ta gaya mani sai mu zauna mu lissafa watan, in nemi 'yar bautar ƙasa ko ɗalibar kwalejin ilimi ta FCE da ta zo koyon koyarwa ta riƙa shiga ajin tare da ita tun kafin ta tafi don yara su saba, ita kuma rabin albashinta yana shiga, ajinta yana jiranta, kuma na rubuta haka a ofa ɗin kowa don kar wata ta ce an fi son wata. Na gano hakan ya fi mani arha a kan in rasa malamar da ta san yarana shekara uku in ɗauko sabuwa da sai ta yi zango biyu tana koyon sunayensu.

Abin da ba a faɗa a fili kuma, yawancinmu tun wurin intabiyu ake tace mata. Za ka ji ana tambaya yaushe kika yi aure, yaronki na ƙarshe watansa nawa, amarya dai da wuya a ɗauke ta. Namiji ba mai tambayarsa ko matarsa na da ciki. In aka matsa da doka ba tare da an zauna da masu makarantu ba, wasu wannan tacewar za su ƙara, shi ne tsorona.

Maganar shi magidanci ne kuwa ni ba ta taɓa shiga kaina ba. Ciyarwa wajibin miji ce, eh, amma wannan tsakaninta da mijinta ne, bai mayar da guminta ya zama na banza ga wani ƙato ba. A musulunci lada a kan aiki ake yanka shi, kuma dukiyar mace tata ce. In tausayin mai iyali kake ji ka yi masa kyauta daga aljihunka, kar ka cira daga hakkin wata. Ballantana mata nawa ne yanzu albashin nan nasu shi ke sayen maganin yara da kuɗin Islamiyya.

Bawan Allah Daura

Ni ba mace ba ne amma zancen nan ya taɓa ni. Shan inna ya same ni tun ina yaro, da sanduna nake tafiya, na yi difloma na yi digiri a fannin akanta. Irin abin da muke gani mu ba a ma kai wa ga kora don ba a ɗaukarmu tun farko. Na je intabiyu wani wuri mai zaman kansa, na ci jarabawar rubutu har aka kira ni, da na shiga ɗakin sai na ga fuskokinsu sun canza, tambayar farko ba ta akanta ba ce, wai ya zan riƙa hawa bene. Na ce ranka ya daɗe ai yanzu ma da ƙafata na hawo. Aka yi dariya aka ce za a kira ni, har yau. Wani ma a cikinsu ya biyo ni waje ya miƙo mani dubu biyu, wlh wannan ya fi rashin aikin ciwo.

Kuma abin haushi doka tana nan, ɗan garinmu marigayi Buhari ne ya sa mata hannu a Janairun 2019, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki gare mu, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, mutum ɗaya kuma dubu ɗari ko wata shida a gidan yari ko duka biyun. Har hukuma aka kafa mana a 2020. Amma ku zagaya ofisoshi ku ƙirga nawa ne ke da hanyar keke, wasu an yi ta amma tsayinta ko mai ƙafa biyu sai ya yi nishi.

Abin da zan ce wa Maman Sadik, ke kin fi mu sa'a don naki a rubuce suka aiko. Mu ba mai rubuta maka cewa don ƙafarka aka ƙi ka, sai dai a ce wani ya fi ka maki. Kuma masu cewa a bar wa Allah, ni ma na yarda Allah ke sakayya, amma duk wanda ya yi shiru wadda za ta zo bayansa ita ma haka za a yi mata, sabuwar da aka sa a ajinki ma ai wata rana za ta yi aure.

Tsohon Akawu

'Yata, na yi shekaru ina harkar ƙungiyar ma'aikata kafin in yi ritaya, bari in ƙara kan abin da Barista ya faɗa ta ɓangaren yadda ake bin abin a aikace, don sanin sashe daban iya zama da mutane daban.

Kar ki tsallake kawunki. A garin nan in kika wuce kai tsaye ofishin hukuma, ko kin ci nasara za a ce kin tona wa abokin ubanki asiri, gida ma sai ya yi maki zafi. Ki fara rubuta wa makarantar takarda cikin ladabi, gajera, ki ce ranar kaza an umarce ni in zauna gida, ni ban ajiye aiki ba, a shirye nake in ci gaba har lokacin da likita ya rubuta, ina neman hutun haihuwa da rabin albashi da tabbacin komawa ajina. Ba zagi ba barazana, kar ma ki ambaci kotu. Ki yi kwafi biyu, su buga hatimi ko su sa hannu a naki da kwanan wata, in sun ƙi karɓa ki tura wa Alhajin da hedimasta hotonta ta WhatsApp. Sannan maigidanki, ba ke ba, ya ɗauki kwafin ya je wurin kawu ya ce ga abin da ake ciki, mun ga bai dace mu kai ko'ina ba sai kun sani. Dattijo in aka ba shi girmansa haka yakan tsaya, kuma mai makaranta ya fi jin kunyar abokin sahunsa a kan wasiƙar hukuma. In an daidaita, ko a zauren kawu ne, a rubuta a sa hannu da shaidu biyu. Na sha ganin sulhun baki da aka yi da fatiha, wata biyu kowa ya ce ba haka aka ce ba.

In sun ƙi, sai ki ɗauki kwafin nan ki tafi ofishin ƙwadago, lokacin ba mai cewa kin yi gaggawa. Yawancin masu ƙananan wurare da sun ga takardar gayyata mai tambarin gwamnati suke neman a sasanta, don sun san in jami'i ya shigo ba maganarki kaɗai zai duba ba, zai tambayi ofa ɗin sauran da fansho da komai.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki hau Facebook ki kama sunan makarantar ko ki bari 'yan uwa su yi. Da kin yi haka an bar maganar hakkinki an koma ta ɓata suna, kuma an sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015 kan rubutu irin wannan. Abokiyar aikin nan taki da ta kira ki ma ki rufa mata asiri, kar sunanta ya fito sai in ta yarda, ita ma abincinta ne.

Maman Sadik

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Tsohon Akawu na karanta wa maigidan naka ya yi shiru ya ce zai je wurin kawu ranar Juma'a bayan an sauko. Hajiya ina ma ke ce uwar ɗakina. Na ƙirga ma'aikatanmu da masu shara da direban bas mu 19 ne, to maganar dubu 70 ta faɗi ke nan. Barista tambaya biyu dan Allah, takardar likitan ta asibitin da nake awo ta isa ko sai ta babban asibitin gwamnati? Sannan hedimasta ya kira ni ɗazu yana cewa in yi sauri in sa hannu kafin Alhaji ya canza ra'ayi kan wata ɗayan, in ya sake kira in naɗi muryarsa ko laifi ne?

Lauyan Talaka

Dokar cewa ta yi likita mai rajista, ba ta ce sai na gwamnati ba, amma ki tabbatar likita ne ya sa hannu ba ungozoma ko ma'aikaciyar awo ba, da hatimin asibiti da ranar da ake sa ran haihuwar. In na gwamnati bai maki nisa ba ki yi can don a rage gardama. Tunda wata bakwai kike, ki roƙe shi ya rubuta a fili cewa kina iya aiki a yanzu, wannan layin shi ke rushe maganar dalilin lafiya da suka sa a takardarsu.

Naɗar murya kuwa, kotunanmu sun fi duba ko hujja ta shafi maganar a kan yadda aka same ta, amma lauyansu zai yi ta jayayya a kai kuma in kawu ya ji an naɗi mutum a ɓoye zai iya ɓata sulhun. Hanya mafi sauƙi, in ya kira ki saurare shi kar ki yi alkawarin komai, yana kashewa ki tura masa saƙo ki ce Malam dangane da kiran da ka yi mani yanzu cewa in sa hannu a takardar ajiye aiki kafin a ba ni albashin wata ɗaya, ina sanar da kai ni ban ajiye aiki ba. Ko ya amsa ko bai amsa ba saƙon ya zauna da ranarsa da lokacinsa. Kuma in kuɗi suka shigo asusunki kafin a zauna kar ki mayar, ki tura saƙo ki ce kin ga kuɗi kin ɗauke su a matsayin albashin wannan watan, ba kuɗin sallama ba.